Ƙodar Gidan Hiridi

Akwai wani manomin rake a wani ƙauye kusa da garin Sohaj, Abdulmaujud, mutum mai riƙon tsiya. Wani ɗan gidan Hiridi ya kashe masa ƙane a rigimar ruwan gona, aka ɗaure shi. Dangin mai kisan suka zo neman sulhu da likkafani a hannu, alamar miƙa wuya a al’adarsu, Abdulmaujud ya tofar da yawu ya rufe ƙofa.

Ana nan sai ƙodojinsa suka lalace. Matarsa Najat ta ce an samu wani bawan Allah da zai ba shi ɗaya, aka yi dashe lafiya.

Likita ya ja masa kunne: "Ya Hajj, a jininka akwai sojoji masu farautar baƙo. Wannan ƙodar baƙuwa ce a wurinsu. Maganin nan ke sanyaya su. Ka daina sha, za su cinye ta."

Ya murmure har ya koma gona. Sai ran nan a wurin shan shayi wani ya yi masa dariya: "Kai da ba ka gaisawa da gidan Hiridi, amma da ƙodarsu kake fitsari!"

Ashe Shahat ne ya bayar, yayan wanda ya yi kisan.

Abdulmaujud ya dawo gida yana huci. "Najat, naman su wa kika sa mini a ciki?"

Ta ce, "Baban Sabri, mutuwa fa kake yi! Shahat ɗin ne ya kawo kansa."

"To wallahi ba na sulhu. Ban samu wuyansu ba, amma ga ƙodarsu a hannuna."

Ya kwashi maganin ya watsa a magudanar ruwa. Najat ta yi kuka, ta kama ƙafarsa, ko a jikinsa. Da zazzaɓi ya taso, gefen cikinsa ya kumbura, har murmushi yake yi. Kai, wauta!

Da aka kai shi asibiti ƙodar ta riga ta mutu. Likita ya ce sojojin jininsa sun harzuƙa, da wuya su ƙara yarda da wata.

Yanzu a jikin injin wankin jini yake rayuwa, ko kofin ruwa sai an auna masa. Shahat kuwa yana saran rakensa da ƙoda ɗaya, lafiya garau.

Wata rana Abdulmaujud ya tambayi Najat a hankali, "Sun ji dai na kashe ta?"

Ta ce, "Sun ji. Sun ce Allah ya ba ka lafiya."

Darasi: Mai riƙo kansa yake fara ci kafin ya kai ga abokin gabarsa. Wanda aka yi wa dashe kuma, kada ya yi wasa da maganinsa. Ku tura wa ’yan’uwa, wataƙila wani ya sauko.