Yadda Ciwo Ya Shige Cikin Tsoka

Dalilin da ya sa mutum zai kwana yana juyi da ciwon jiki, gari ya waye a duba shi a ce ba a ga komai ba, shi zan gaya muku, in kun bar wasa da tabarmar nan kun zauna.

A da, ciwo ba a cikin tsoka yake ba. A kan fata yake zama, kamar ƙarangiya a jikin zane. In mutum ya wuni yana noma ko daka, sai ka gan shi baƙi-baƙi a kafaɗa, a ƙugu, a sha-raɓa. Cire shi ake yi da yatsa. Da la'asar mata sukan zauna su yi da'ira, kowace ta sassauta zaninta, ta bayanta tana tsince mata tana jefawa a wuta. Ba boka, ba jiƙo. Kafin magariba kowa ya miƙe garau.

A wani gari akwai wata maginiyar tukwane, Hansai. Ƙarfi gare ta kamar namiji, ita kaɗai take ɗauko yumɓun da mata biyu suke kamawa, kuma ba a taɓa jin ta ce wash ba. Tana da ƙanwa, Tabawa, mai yawan dariya, ita ce take zama a bayanta.

Wata rana Tabawa ta ciro wani ƙaton ciwo daga tsakiyar bayan Hansai, ya kai ƙwallon goriba. Maimakon ta jefa a wuta, sai ta ɗaga shi sama ta ce, "Yaya, ashe ke ma kina gajiya kamar mu."

Mata suka yi dariya. Ba da mugunta ba ne, amma Hansai ta ɗaure zaninta ta tashi. Washegari ta kwashe kayan aikinta ta haye rafi, ta yi bukka a gindin wata tsamiya, ta ce ba mai sake ganin bayanta.

Can take tsince nata da kanta. Na ƙafa da na hannu ba wuya. Na tsakiyar baya ne hannunta bai kai ba. Sai ta ɗaura tsingaro a bakin kara tana kankarewa, har fatar tana yin jini. Ciwo ya gaji da wannan azaba ya yi magana. Ya ce shi tun da yake, da yatsa ake cire shi, kuma yatsan wani. Ya ce ta koma gida a cire mata, ko kuma shi ya nemi inda tsingaro ba zai same shi ba.

Hansai ta tambaye shi ina ne wurin. Ya ce cikin naman jikinta, ƙarƙashin fata. Amma ya gargaɗe ta, ya ce, "In na shiga ba mai ganina. Ko kin rantse ina nan, sai wanda ya ga dama zai yarda."

Ta ce, "Abin da nake so ke nan. Shiga."

Ya shiga, ya ƙulle a cikin tsoka kamar ƙullin igiya. Ta shafa bayanta ta ji sumul, ta yi murna.

'Yan'uwan ciwon da ke cikin gari suka ji labarin akwai wuri mai ɗumi inda ba yatsa, ba wuta. Ɗaya bayan ɗaya suka shige jikin mutane. Mata suka zauna da la'asar, aka sassauta zani, ba abin tsincewa. Da'irar ta watse. Daga nan aka fara ce wa mai ciwo malalaci, shi ma yana kallon na kusa da shi yana cewa ƙarya yake yi.

Hansai kuwa, shekaru suka tura, ƙullin yana ƙara tauri. Ta kasa ɗauko yumɓu, ta koma gina ƙananan kasake, daga baya su ma ta bari. A ɓoye ta kira mai ɗori, ya lalube ta ya ce ƙashi lafiya lau. Wanzami ya kafa mata ƙaho, jini ya fita, ciwo yana nan. Ta gasa jikinta da ruwan zafi da tsumma, ko'ina ya saki ban da inda hannunta bai kai ba.

Rannan Tabawa ta hayo rafi da man kaɗanya a ƙoƙo, ita ma ta yi furfura. Ta ji an daina ganin tukwanen yayarta a kasuwa. Ta gaishe ta, ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Yaya, nuna mini wurin in murza miki."

Hansai ta miƙe tsaye tsam, duk da abin yana cizonta har cikin numfashi. Ta ce, "Wa ya ce miki ina ciwo?"

Tabawa ta zagaya ta dubi bayan. Sumul, ba ko tabo sabo. Ta yarda, don ba ta taɓa jin yayarta ta yi ƙarya ba. Ta ce to alhamdulillahi, ta ajiye man ta tafi. Hansai tana kallonta har ta haye rafi, bakinta ya buɗe, amma ba ta kira ta ba. Da damina ta zagayo Tabawa ta rasu.

Masu zuwa itace sun ce sukan hango wata tsohuwa ta jingina da tsamiya tana goga bayanta a hankali, ita kaɗai, har ɓawon wurin ya yi santsi.

Shi ya sa har yau ciwon tsoka ba ya nuna kansa. Ko asibiti aka je, sai likita ya tambaya ina ne, tun yaushe, wane aiki aka yi, sannan ya danna da yatsa har ya sami ƙullin. Wanda ya yi shiru haka zai koma gida da abinsa. Sai an faɗa da baki, kuma sai hannun wani.

Nawa yana nan ƙasan kafaɗar hagu. Na dai faɗa.