Zuciyar Aro

Yayana Ɗahiru direban babbar motar fasinja ne. Shekara goma sha tara ya yi yana hanyar Yamai zuwa Maraɗi, bai taɓa buge ko akuya ba. Mutum ne mai kirki da kyauta, amma yana da hali ɗaya da ya gagari kowa a gidanmu: ba ya yarda a ce ya gaza. Ko zazzaɓi ne ya kayar da shi, in ka yi masa sannu sai ya harare ka ya ce, "Sannun me? Hutawa nake yi." Ni ƙanensa ne, sunana Hamisu, tela ne a kasuwar Wadata, kuma da hannuna dumu-dumu a cikin abin da zan ba ku labari.

Wata Juma'a muna cin abincin rana a gidansa da ke Kirkissoye, sai na ga ya tsaya da loma a hannu. Ya dafe ƙirji, gumi ya keto masa a goshi.

"Yaya, lafiya?" na tambaye shi.

"Ruwa ne ya sarƙe ni," in ji shi. Alhali ko kofi babu a gabansa.

Matarsa Hasiya ta ajiye ludayi ta ce, "Hamisu, wata uku ke nan yana haka. Zuciyarsa ce ke bugawa kamar za ta fito. Na yi magana har na gaji." Na kamo wuyan hannunsa kafin ya fizge. Abin da na ji ya tayar min da hankali. Bugun yana gudu, ya tsaya, ya sake zabura, kamar keken ɗinkina in ya fara tsallake zare. Bayan minti biyar abin ya lafa, ya ci gaba da cin abincinsa yana yi mana dariya.

Ba mu muka kai shi asibiti ba, dokar aiki ce ta kai shi. Kamfaninsu yana sa a duba lafiyar kowane direba sau ɗaya a shekara. Mai awon ya ji bugun bai yi masa daidai ba, ya tura shi wajen likitar zuciya, wata mata 'yar Dogon Dutsi mai suna Saratu. Ta yi masa awon zuciya ba ta ga komai ba, don a safiyar zuciyar a kwance take. Ta ce masa irin wannan bugu yakan zo ya tafi, sai an yi masa kwanto. Ta liƙa masa wayoyi biyar a ƙirji, haɗe da wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙaramar salula ba. Ta ce ya yini ya kwana da ita, za ta rubuta duk abin da zuciyarsa ta yi, gobe ya dawo da ita.

Daga asibiti shagona ya zarto. Ya ja ni bayan labulen da masu ɗinki ke gwada kaya, ya ɗaga rigarsa.

"Hamisu, ka taimake ni. In abin nan ya nuna wani abu, sun karɓe min kar ɗina, motar da nake ja, sun karɓe permi, takardar tuƙina. Shekarata arba'in da bakwai. In ba tuƙi ba, me na iya?"

"To me zan yi maka, Yaya?"

"Ka ɗaura shi zuwa gobe. Kai lafiyarka ƙalau."

Na ce masa wannan ba daidai ba ne. Na ce mutum saba'in yake ɗauka a bayansa. Bai yi min faɗa ba, da ma faɗan ya yi, da na iya tsayawa a kan bakana. Hannuna ya riƙe, ya ce, "Don Allah, ɗan'uwana." Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya roƙi wani mahaluki ba. Tausayi ya rufe min ido, na cire rigata.

Ya ɗauki hoton ƙirjinsa da salula don kada mu ɓata wuraren da aka liƙa wayoyin, muka mayar da su jikina ɗaya bayan ɗaya. Haka na yini ina taka keke da babbar riga a tsakiyar zafin bazara, maƙwabtana teloli suna tsokanata wai ko zance zan je. Washegari da safe muka mayar masa da kayansa.

Sakamako ya fito tas. Likita Saratu ta ce masa ba ta ga abin damuwa ba, amma ya rage shayi mai ƙarfi da goro, kuma in bugun ya dawo ya zo mata ba tare da ɓata lokaci ba. Aka buga masa hatimi, ya koma bakin aiki. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ba a yi sati biyu ba Yaya ya fara gaskata takardar. In Hasiya ta yi magana sai ya zaro ta daga aljihu ya ce, "Ke kin fi likita sani ne?" A gabana yake faɗa, ko kunyar idona ba ya ji. Mutum ya ƙulla ƙarya da hannunsa, sannan ya zauna ya yarda da ita!

Wata huɗu na yi cikin tsoro. Tasharsu tana kusa da shagona, ina ganin masu shiga motar: tsofaffi, ɗalibai, mata da goyo. Duk ranar da yake kan hanya, in salulata ta yi ƙara sai allura ta kufce min. Abokan aikinsa suka fara cewa Ɗahiru ya cika tsayawa duba taya. Ni na san ba taya yake dubawa ba. Sauka yake ya zagaya bayan mota, ya kwara wa kansa ruwan sanyi, ya yi ta tari har bugun ya lafa. Sau biyu na ce masa zan je in gaya wa likita gaskiya. Ya ce, "Ranar da ka buɗe baki, ba ni ba kai." Na yi shiru, don na fi tsoron fushinsa da komai.

Wata Talata bayan la'asar na ji ƙara, sai ihu ya biyo baya. Ban tambayi kowa ba, na fita da gudu babu takalmi. Motar Yaya ce, ta dawo daga Maraɗi, saura taku ɗari ta shiga tasha. Ta hau gefen hanya ta daki katanga. Fasinja suna ta turereniya a ƙofa, mata suna salati. A ƙarƙashin tayar gaba akwai amalanken ɗaukar kaya da ya lotse, ana jawo mai shi, wani magidanci da ake kira Abdu. Na hau wajen direba. Yaya ya karkace gefen hagu, bakinsa ya murguɗe, idonsa a buɗe. Yana kallona, yana motsa leɓe, magana ta ƙi fita. Da abin ya same shi awa ɗaya kafin nan, yana tsula gudu a buɗaɗɗiyar hanya, ban san gawa nawa za a kwasa ba.

A kwana na uku da kwantar da Yaya a asibiti, Likita Saratu ta kira ni ofishinta. Ta ajiye takardu biyu a kan tebur, tsohon sakamako da sabo.

"Malam Hamisu, waɗannan ba zuciya ɗaya ba ce. Ta farkon ta wa ce?"

"Tawa ce, likita," na ce, kaina a ƙasa.

Sannan ta bayyana min cewa in zuciya tana irin wannan bugu, jini yakan daskare a cikinta, gudan jinin ya tafi ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Abin da ya shanye masa ɓarin jiki ke nan. Ta ce, "Ciwon nan yana da magani. Da na gan shi tun lokacin, hutu zan ba shi in ɗora shi a kan magani, kuma da wuya a ce bai koma tuƙinsa ba. Yanzu kuwa ya gama tuƙi."

Fasinja sun tsira da ƙananan raunuka. Abdu kuwa sai da aka yanke masa ƙafa daga gwiwa. Da Yaya ya fara iya haɗa kalmomi, abin da ya fara nema shi ne in kai shi unguwar Saga, gidan Abdu. Na ɗauko taksi, na tallafe shi muka shiga. Muka tarar da mutumin a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, 'ya'yansa mata uku suna gefensa. Yaya ya yi ta kokawa da harshensa har ya samu ya ce, "Ka yafe min."

Abdu ya dube shi ya ce, "Direba, tambaya ɗaya zan yi maka, tsakaninka da Allah. Ka san kana da ciwon nan kafin ranar?"

Na ga Yaya ya rufe ido, hawaye suna bin gefen bakinsa da ya mutu. Ya gyaɗa kai.

"Da ka ce ba ka sani ba, da na ce ƙaddara ce, in rungume ta," in ji Abdu. Ya juya fuskarsa ga bango. Muka fito, babu wanda ya raka mu ƙofa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. In zuciyarka ta fara bugun da ba ka saba ji ba, ko tana tsallake, ko tana haɗa maka da jiri da gumi, je ka a duba ka, kuma ka faɗa wa likita gaskiya komai ɗacinta. Sau da yawa abin ƙarami ne, in ma babba ne yana da magani muddin an gan shi da wuri. Yayana ya ɓoye ciwonsa don kada ya rasa aikinsa, sai ya rasa aikin da rabin jikinsa, ya kuma jawo wa bawan Allah nakasa. Kai kuma ɗan'uwa, kada tausayi ya sa ka taya naka ɓoye ciwo kamar yadda na yi. Gara ya yi fushi da kai yana tsaye da ƙafafunsa.