Ranar da Kurege Ya Ƙi Zama Ƙarami

Ga ta nan, ga ta nanku, mai kunne ya matso.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Kurege ne da Kura suke zaune gida ɗaya. Abu guda ke ƙona wa Kurege rai, sunan nan da Kura ta laƙaba masa. Ɗebo ruwa, ƙarami. Hura wuta, ƙarami. In an zuba nama, babba ya fara zaɓa, ƙarami ya suɗe akushi. Kuma in Kura ce babba, ko suɗin ma sai an yi sa'a. Ni ma an yi mini, na san zafinsa.

Ran nan Kura ta jawo wani ƙosasshen rago. Ba ta faɗi inda ta samo shi ba, Kurege ma bai tambaya ba. Ta ce, "Kai ƙarami, feɗe."

Kurege ya yi jifa da wuƙa. "Ƙarami, ƙarami! Yau sai a yi ta ta ƙare! Ƙanƙantar jiki ce ƙuruciya? Ni da na san dutsen can tun yana tsakuwa!"

Kura ta haɗiye fushi, ta feɗe. Kurege ya zaɓi hanta, ya zaɓi ƙoda, ya zaɓi kitse, yana ci yana harararta.

Sai ga Zaki, mai ragon, yana huci. Ya ga fata, ya ga ƙaho. Ya ce, "Ba na magana da yara. Wane ne babba a gidan nan? Wuyansa nake so."

Kura ta washe baki, ta nuna Kurege. Ga maiƙo har kunne, ba halin musu.

Kurege ya durƙusa. "Ni ne, ranka ya daɗe. Babba juji ne. Yarinyar nan ka ƙyale ta, ni na goya ta, ni na share mata majina."

Kura ta daure.

"Har bara tana fitsarin kwance, ni ke shanya tabarmar."

"Ƙarya kake, mara kunya!" in ji Kura, ta miƙe tana kumfar baki. "Ranar sunanka ni na ci kan rago! Uwarka ma Yaya take ce mini!"

Zaki ya ce, "To, Yaya, taso."

Kafin ta rufe baki, Kurege ya faɗa rami da sauran hanta a kumatu.

Ƙurunƙus, kan rago a wuyan mai shekaru! In za ka ari girma, are shi lokacin rabo, ka mayar kafin mai kaya ya iso.