Tabawa da 'Yar Riƙonta

An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun zamanin kakanni, sunanta Tabawa, mai kitso ce. Ku na baya, a rage surutu, da ku nake.

Tabawa ta haura arba'in ba ta taɓa ko ɓari ba, har ta cire rai. Sai matar ƙanenta Ɗanjuma ta haihu, ciwo ya kwantar da ita. Ɗanjuma ya naɗo jaririya a zane ya kawo. "Yaya, ga Azumi, ki riƙe mana."

Wayyo, ku zo ku ga Tabawa! Ga ciwon gwiwa, ga goyo. Ta dama koko, ta yi wanki, ta yi jinyar ƙyanda. Matar da a da gari ke waye mata ba ta san me za ta tashi yi ba, yanzu ta sani.

Yarinya ta tasa, har ta fara riƙe tsinken tsifa. Ran nan sai ga Ɗanjuma, yana ta sunkuyar da kai. "Yaya, uwarta ta warke. Kullum kuka take yi. Gobe zan zo in tafi da ita."

Ku saurara nan fa. Maƙwabciyarta Kulu ta faɗo gidan tana huci. "Ke Tabawa, sakarci za ki yi? Ki zuga yarinyar ta yi ta birgima, ki ce mata uwar ce ta yar da ita. Wa zai iya ɗaukar ta?"

Tabawa ta ce, "Kulu, zuciyata kamar ta fashe, ba zan ɓoye miki ba. Amma tafiyarta ba a hannuna take ba. Abin da ke hannuna shi ne yadda za ta tafi."

"To wahalar da kika sha fa?"

"Raino aka ba ni, na kuwa yi. Ba a ce an ba ni ita ba."

Ta zaunar da Azumi tsakanin ƙafafunta, ta tsefe mata kai, ta shiga yi mata shuku. Hawaye na ɗiga a kan yarinyar, amma layin kitso bai karkace ba.

Azumi ta ce, "Inna, ni ba zan je ba."

Tabawa ta ce, "Za ki je. Mahaifiyarki ba ta ƙi ki ba, ciwo ne ya raba ku. In kin isa ki durƙusa ki gaishe ta. Kuma daga gobe, ita za ki riƙa kira Inna."

Jama'a, wallahi ni wannan kalmar ce ke sa ni kuka. Sunan da ta jira duk rayuwarta, ita da bakinta ta mayar wa mai shi.

To ku fa? Ɗa ya yi aure kun hana shi sakat, 'ya ta tafi ɗakinta kuna ta aika mata zuga. 'Ya'yan nan amana ce, ko ke kika haifa. Ki kyautata abin da Allah Ya sa a hannunki, abin da bai sa ba ki sake shi ba tare da kin ɓata shi ba. Allah Ya ba mu ikon yi.