Kififiyar Lanti Mai Tukwane

Ga ta nan, ga ta nanku, yara ku matso.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun kasa kunne.

Wata tsohuwa ce mai ginin tukwane, sunanta Lanti, ga tausayi ga saurin fushi. Ran nan ta je ɗibar yumɓu, ta tarar tafki ya ƙafe, ga Kififiya tana shirin mutuwa. Ta ɗauko ta, ta saka ta a randa, ta cika da ruwa.

Kififiya ta farfaɗo, amma ta ƙi cin komai. Sai dukan randa da ka, gum, gum!

Lanti ta dama mata fura. Kififiya ta ce, "Ni jikarki ce? Kwashe abarki!"

Lanti ta ƙunsa mata lalle a baya. Kififiya ta ce, "Biki zan je? A cikin randa wa zai gan ni?"

Lanti ta zauna tana yi mata waƙa. Kififiya ta ce, "Iya, ki yi wa Allah ki yi shiru. Kaina zai fashe!"

Ran Lanti ya ɓaci. Ta ce, "Butulu! Na tsamo ki daga bakin mutuwa, kullum ina canja miki ruwa, ga shi kina ramewa a idona. Me kike so?"

Kififiya ta ce, "Ki shiga waccan babbar randar da ƙwaryar furarki. In kin kai magariba, zan ci duk abin da kika ba ni."

Lanti ta ja tsaki, ta shiga. Ta shanye fura. Ta duba dama, bango. Ta duba hagu, bango. Ta ɗaga kai, sama ba ta fi faifai ba. Ba wurin miƙe ƙafa, ba abin yi. Tun kafin azahar ta fara zage-zage. Ta tokari randar, wadda ita ce ta fi ji da ita, sai ga ta a fashe.

Ta fito tana huci. Ta ɗauki fartanya ta faɗaɗa wani rami da ke bayan ɗakinta, ta yi ta jido ruwa. Ta bar laka a ƙasa don tono, ta girka dutse don shan hantsi, ta zuba kainuwa don ɓuya, ta saki ƙananan kifaye.

Kififiya ta faɗa, tsundum! Ta kori kifi, ta cafke, ta haɗiye, ta hau dutse ta baje ƙafafu.

Lanti ta ce, "To, ba godiya?"

Kififiya ta ce, "Matsa, kin tare mini rana."

Lanti ta yi mata daƙuwa, ta juya tana goge hawaye da gefen zane.

Kun ji, yara. Duk wanda ya ajiye dabba, ci da sha kaɗai ba su ishe ta ba. Sai ya ba ta sarari da abin yi irin nata.

Ƙurunƙus kan kusu, kowa ya tashi ya wanke ƙafa.