Hoton Baba a Bikin Auta

A layin masu sayar da kayan waya akwai wani matashi da kowa ke kira Gwani. Ba iyayensa suka raɗa masa ba, abokan sana'a ne suka laƙaba masa don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Ba mugun mutum ba ne. Yana da kyauta, yana ji da 'yan'uwansa, ba ya fashin zuwa gaida iyayensa. Aibinsa guda ne: bai taɓa ganin wani yana aiki ba face ya ce shi ma ya iya, har ma ya fi. In mai gyaran famfo ya zo gidansu, Gwani na tsaye a kansa yana koya masa riƙon sifana. In likita ya rubuta magani, sai ya duba waya ya ce da sauran bayani. Shagona na jikin nasa, don haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi, sauran kuma daga bakinsa na ji.

Tsakaninsa da masu ɗaukar hoto akwai tsohuwar 'yar tsama. A bikin wani abokinsa ya taɓa shiga gaban mai hoto da wayarsa, mutumin ya dafa kafaɗarsa ya ce ya ɗan matsa, yana tare masa haske. Wasu 'yan mata suka yi dariya. Shi ke nan abin da ya faru, amma Gwani ya riƙe shi a zuci. Tun daga ranar, da an ambaci masu hoto sai ya ce burga ce kawai da rataya kyamara a wuya, duk abin da suke yi waya ma tana yi.

Ana haka aka sa ranar auren ƙanwarsa, wadda duk gidan ke kira Auta. Yarinya ce mai tsari. Ita ta kama ɗakin taro, ita ta yi ta zarya wurin tela, ita ta daidaita da masu girki da masu kwalliyar wuri. Mai hoto ma da kanta ta nemo, wani dattijo mai shago kusa da tasha. Mutumin ya zo har gida. Ya tambayi lokacin da za a fara, ya je ya duba inda tagogin ɗakin taron suke, ya ce da kyamara biyu zai zo don gudun tsautsayi. Sannan ya tambayi Auta ko akwai wanda in aka rasa shi a hoto ranta zai ɓaci. Ba ta yi dogon tunani ba ta ce mahaifinta.

Akwai dalili. Baba kafinta ne, kuma ba ya son hoto ko kaɗan. Ba wai yana ganin laifi ba ne, kunya ce da tsufa ya mayar taurin kai. In aka ɗaga waya a tsakar gida sai ya juya baya ko ya shige ɗaki. Duk gidan babu hotonsa, in ka cire na wani tsohon katin shaida wanda hatimi ya cinye rabin fuskar, ruwa kuma ya cinye sauran. Auta ta daɗe tana lallashinsa. Tana kai masa abinci wurin aiki, tana zama kan benci cikin garin katako tana yi masa shagwaɓa, har ya gaji ya ajiye zarto.

"Guda ɗaya, Auta," ya ce. "Kuma ba a gaban jama'a ba. A ɗauka a ƙyale ni in tafi gida."

A lokacin Baba ya fara rama, yana kuma wani tari da ba ya jin magani, amma kullum yana fita aiki. Kowa a gidan ya lura, ba wanda ya furta.

Ana saura kwanaki kaɗan biki Gwani ya sayi sabuwar waya mai idon kyamara jere a baya. Ya wuni yana ɗaukar mu a layi, yana nuna mana yadda take fito da mutum fes. Da ya je gida ya ji an kama mai hoto, sai ya ce sam. Yana raye, da irin wannan waya a hannunsa, a kawo bare ya riƙa cewa dangi su matsa? Auta ta roƙe shi. Ta ce ba raina wayarsa ta yi ba, so take ya zauna kusa da Baba a hoton, tunda shi ne babban ɗa. Ya ce zai duba. Washegari ya kira mai hoton a gabana, ya ce masa iyali sun canza shawara, kada ya wahalar da kansa. Na ce masa Gwani, ka bar wa mai aiki aikinsa mana. Ya ce in sa ido in sha kallo.

Sai ana gobe biki Auta ta sani. Ta kira mai hoton, ya ce ya riga ya karɓi wani aikin a wajen gari. Ta yi kuka. Mama ta ce a yi haƙuri, ba ta son a shiga biki da rigima tsakanin wa da ƙanwa, hoto ai hoto ne. Aka bar maganar a haka.

Ranar biki Gwani bai zauna ba. Yana nan, yana can, gumi ya jiƙa masa sabuwar riga. Ƙawayen amarya suka yi masa caa, kowa na cewa a gyara ta. Wayar tana da wani wuri da ake murzawa ta gyara fuska: ta goge ƙuraje, ta haskaka fata, ta rage kumatu, ta ƙara girman ido. Gwani ya murza shi har ƙarshe. 'Yan mata suna leƙawa suna shewa, shi kuma kansa na ƙara girma.

Can aka ce Baba ya iso. Akwai wani ƙaramin ɗaki a gefen zauren inda ake tara rarar kujeru, nan aka kai shi. Yana sanye da farar riga da Mama ta goge da hannunta. Aka ajiye masa kujera, Mama ta zauna a damansa, Auta ta durƙusa a gabansu ta ɗora hannu a gwiwarsa. 'Ya'yan goggonsu suka biyo da wayoyinsu, Gwani ya kore su ya turo ƙofa, ya ce Baba hoto ɗaya ya yarda, kuma shi zai ɗauka. Bai tuna da wurin da ya murza ba. Ya danna, ya kalli gilashin wayar a gurguje, ya ga haske ya fito, ya ce ya yi. Baba ya miƙe, ya sa wa Auta albarka, ya fita ta ƙofar baya. Gwani ba ya cikin hoton, tunda shi ke riƙe da wayar.

Bayan biki ya tura wa dangi hotuna. Matasa suka yi ta yabo. Auta ta kalli na iyalin a ƙaramin gilashin wayarta ta ce kamar Baba ya canza, Gwani ya ce ƙarfin kyamarar ne ba ta saba gani ba. Tana cikin hidimar sabon gida, ba ta ja maganar ba.

Ba a daɗe ba Baba ya kwanta. Asibiti, gida, asibiti. Wata safiya ya cika.

Gwani bai yi kuka ba. Shi ya shimfiɗa tabarmi, shi ya karɓi masu gaisuwa, shi ya raka baƙi bakin hanya. In an yi masa ta'aziyya sai ya amsa da kalmomin da ake amsawa. Ya dawo shago yana zama, in mai ciniki ya tambayi caja sai Gwani ya miƙa masa abin saurare na kunne. Ya ce mini ba ya jin komai, kamar an yi masa allurar kashe zafi a duk jiki.

Da mutane suka watse, aka je kwashe kayan Baba a wurin aikinsa. A bayan benci aka sami wani firam na katako, an goge shi sumul an shafa masa mai, babu hoto a ciki. Maƙwabcinsa ya ce Baba ne ya yi shi bayan biki, a ɓoye, wai na hoton Auta ne. Mama ta karɓa ta rungume. Ta ce wa Gwani ya je ya wanko hoton nan babba, daidai firam ɗin, tana son ta rataye shi a ɗakinta.

Ya kai aka wanko. A bakin shagon masu wankin ya zare takardar ya duba. Mama ta fito kamar wata 'yar uwarta ta nesa. Auta ta fito kamar 'yar tsana. A tsakiya kuwa wani mutum ne zaune cikin rigar Baba. Fatarsa fara ce sumul. Layukan goshin nan babu su. Tabon da kurfin sassaƙa ya yi masa a gira tun yana koyon aiki, wanda duk 'ya'yansa suka yi wasa da shi suna ƙanana, babu shi. Haɓar ta tsuke, furfurar gemun ta zama wani hazo-hazo, idanun sun yi girma suna ƙyalli. A ƙaramin gilashin waya abin bai fito haka ba. A takarda babba kuwa ba inda za a ɓoye shi. Gwani ya daɗe a tsaye, masu wucewa suna kauce masa.

Ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya yana duba wayoyinsu. A wayar wani ya sami ƙeyar hular Baba. A ta wata ya sami hannunsa a jikin ƙofa. Iyakar abin da aka samu ke nan, domin shi da kansa ya kori masu ɗauka.

Daga ƙarshe ya nufi shagon da ke kusa da tasha. Mai hoton ya gane shi, ya yi masa ta'aziyya, ya ba shi kujera, bai tayar da maganar baya ba. Ya karɓi wayar ya bincika, ya sa hoton a kwamfuta ya ƙara girmansa. Sannan ya yi masa bayani a hankali, cewa irin wannan waya tana gyara fuskar ne kafin ta ajiye, ba ta ajiye ta asalin ba. Abin da ta goge bai taɓa shiga cikinta ba, balle a tono shi.

"Zan iya zana masa tamoji da tabo in kana so," ya ce. "Amma ban san mahaifinka sosai ba. Fuskar da zan zana tawa ce, ba tasa ba."

Gwani ya yi godiya ya fito. Ya kawo hoton shago ya jingina a bayan kanta. Kullum Mama ta tambaya sai ya ce masu wankin ba su gama ba. Da ƙarya ta ƙare masa, ya ɗauko firam ɗin Baba ya sa shi a ciki ya kai mata. Ta karɓa, ta matsa bakin taga, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce ya buga ƙusa ya rataye. Ya rataye a bangon da ke fuskantar gadonta.

Aka ɗauki lokaci hoton na nan rataye a bango. Auta in ta zo gida takan zauna ta ba bangon baya. Tsakaninta da yayanta gaisuwa ce kawai, babu faɗa, babu hira.

Wata rana da hantsi Mama ta aika a kira shi. Ya same ta zaune a bakin gado, ta riga ta sauke hoton, ta zare shi daga firam, ta naɗe shi. Firam ɗin na kan cinyarta.

"Ɗauki wannan ka fita mini da shi daga gidan nan," ta ce.

"Mama, ki yafe mini."

"Ba fushi nake ba, ɗana. Da can in na rufe ido ina ganin babanku sarai, har tabon girarsa. Yanzu in na rufe, wannan mutumin ke zuwa. Na yi, na yi in kore shi, ya ƙi tafiya."

Ya miƙa hannu ya karɓi naɗaɗɗen hoton. Ta ce ya ja mata ƙofa in zai fita.

Gwani yana nan a layinmu, yana buɗe shago yana rufewa. Ya daina koya wa mutane aikinsu. Wayar ma ya sayar. In abokan sana'a suka kira shi da sunan nan, yakan ɗago kai a hankali kamar wani ake kira, don haka yawancinmu mun daina.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Mallakar kayan aiki daban, sanin aiki daban, kuma girman kai ne ke hana mutum ganin bambancin. Akwai abubuwan da in an ɓata ana sakewa, akwai kuma waɗanda sau ɗaya suke zuwa, irin zaman iyali a ranar aure. Mai shirin biki ya sani cewa abinci zai ƙare, kwalliya za a kwance, hoto ne zai rage bayan mutanen da ke cikinsa sun tafi. Don haka a damƙa shi ga wanda ya ƙware, wanda zai ɗauki mutane yadda Allah ya yi su. Kai kuma da kake ɗan gida, ajiye wayarka ka je ka zauna kusa da iyayenka.