Kujerar Inna a Hagun Gado

Akwai wata baiwar Allah da 'yan gidansu suke kira Likita, alhali ba likita ba ce. Abin da ta karanta shi ne koya wa wanda ciwo ya taɓa yadda zai koma yi wa kansa hidimar yau da kullum: sa riga, riƙe cokali, wanka, komawa sana'a. In ta yi wannan bayani sai a ce, "Oho, gashin ƙashi kenan." Ta ce ba shi ba ne. A ce, "To nas ce." Da bakinta ya gaji ta haƙura, sunan ya bi ta.

Tun da ta gama makaranta take aikin wucin gadi a wata cibiyar yara masu lalura. Sai gwamnati ta sanar za ta ɗauki masu irin karatunta, amma sai an zauna jarrabawa, ta rubutu da ta baki.

Jama'a, Likita ta duƙufa. In ka tashe ta daga barci ka tambaye ta jijiyoyin hannu, za ta jero maka su kafin ta yi salati. Mijinta ya ce ya fara jin kamar a ɗakin karatu yake haya. Ita kuwa kanta ya ɗan kumbura, don duk wanda ya yi mata magana a lokacin kallon marar aikin yi take yi masa.

Ana cikin haka mahaifinta, tsohon kafinta mai fama da hawan jini, ya yanke jiki ya faɗi. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma ta zo da sauƙi. Baki ya ɗan karkace ya dawo, ƙafa tana takawa, magana tana fita. Ba a jima ba aka sallame shi.

Likita ta je gida ta duba shi. Ta tsaya daga bakin ƙofa, wajen hannunsa na dama, ta sa ya matse yatsunta, ya ɗaga ƙafa, ya faɗi sunayen jikokinsa. Duk ya yi, har da tsokanarta.

"Baba ya warke," in ji ta. "Magani kawai za a kiyaye." Ta koma kan littattafanta.

Daga nan wayar Inna, mahaifiyarta, ta fara shigowa.

"Likita, babanku ba ya cin abinci. Sai ya ci rabin faranti ya ture, ya ce wai ɗan kaɗan ake zuba masa."

"To a ƙara masa mana, Inna."

"A ƙara a kan wanda ya bari?"

Idon Likita yana kan shafin da take karantawa. Ta ce marar lafiya sai haƙuri, za ta leƙo.

Bayan kwana biyu Inna ta sake kira. Baba ya taje gemunsa gefe ɗaya ya bar ɗaya a cukurkuɗe. Ya sa hannu ɗaya a riga ya fito tsakar gida a haka. Kafaɗarsa duk ta yi tabo saboda karo da katakon ƙofar da shi da kansa ya kafa.

Babban wansu, wanda suke kira Yaya, ya ce ai wannan ido ne. Ya kai Baba wajen likitan ido, aka ce idon lafiya lau, har ya fi na Yayan gani. Wata gwaggonsu ta ce a bincika da kyau, ba a rasa hannun mutum a ciki. Maƙwabci ya ce tsufa ne. Kowa ya faɗi tasa, aka tashi ba a san inda aka dosa ba.

Ita Likita duk zuwan da za ta yi, da littafi a hannu take zuwa. Ta tsaya a bakin ƙofa, Baba ya washe baki ya ce, "Likitata, ya karatu?" Su yi raha, ta duba ƙwayoyin magani, ta fita. A ranta tana cewa Inna ma dai da ƙorafi, mutum ga shi garau.

Abin da ya fi cin ran Inna ba ta faɗe shi a waya ba. Sai ranar da ta rako Likita bakin titi, ta riƙe mata gefen mayafi.

"Babanku ya daina kallona."

"Kamar yaya, Inna?"

"Ina zaune a kujerata jikin taga, inda nake zama tun kuna goye. In yi masa magana sai ya juyar da kai wajen ƙofa. Kowa ya shigo zai gaishe shi da fara'a, har mai kawo ruwa. Ni kaɗai ce ba ya gani."

Ta goge ido da bakin zane. Ta ce da safen ranar da ya faɗi sun yi sa-in-sa a kan magani. Ya ƙi sha, ita kuma rai ya ɓaci ta ce masa in ya ga dama ya sha, in ya faɗi ba ruwanta. Kafin azahar ya faɗi.

"Ya riƙe ni a zuciya, kuma yana da gaskiya. Na yi magana da kawunku, zan je wajensa in zauna. Wataƙila in ba ya jin motsina abinci zai shiga."

Likita ta san Baba da zafin rai, amma ba ta san shi da riƙo ba. Ta kuma san Inna ba ta ƙirƙirar magana. To wa za ta gaskata, idonta ko uwarta? Kanta ya ɗaure, ga jarrabawa ta matso.

"Inna, don Allah ki bari in gama jarrabawar nan, sai mu zauna."

"Komai sai kin gama jarrabawa," in ji Inna, ba tare da faɗa ba. "Allah ya ba da sa'a. Ranar jarrabawar ma Yayanku zai kai ni, ita ce ranar da ba ya aiki."

Ranar ta zo. Aka tara su a wani dogon zaure mai fanka ɗaya da ke juyawa kamar an tilasta mata. Tambayoyin rubutu irin waɗanda ake ba ka amsa huɗu ne, duka huɗun daidai, a ce ka zaɓi wadda za ka fara yi. Likita ta zaɓa, ta goge, ta sake zaɓa. Da aka fito kowa yana rantsuwa tasa ce daidai, ta tsaya a tsakiyarsu ta kasa tuna ma abin da ta rubuta.

Aka kira ta ɗakin jarrabawar baki. Mutum uku a bayan tebur, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau wadda ta yi shekaru tana wannan aiki.

Dattijuwar ta ce, "Mutum ya samu matsala a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa. Idonsa lafiya, yana tafiya da ƙafarsa. Wace lalura za ki bincika wadda ake yawan tsallakewa?"

Likita ta ji sanyi a ranta, don wannan babin ta haddace shi kamar sunanta. Ta ce akwai lalurar da ke sa ƙwaƙwalwa ta yi watsi da duk abin da ke hagu. Ido yana gani, kunne yana ji, amma hankali ba ya zuwa wajen, kuma shi marar lafiyar bai san yana yi ba. Ta faɗi gwajin da ake yi, a ba shi takarda ya zana agogo sai ya cusa lambobin duka a dama. Ta faɗi yadda ake farawa da shi ta dama, sannan a riƙa jan hankalinsa zuwa hagu sannu a hankali.

Mazan biyu suka gyaɗa kai suna rubutu. Dattijuwar ta cire tabarau.

"Littafi kin iya shi. Kin taɓa ganin mai irin wannan lalura?"

"A'a, ranki ya daɗe. Da yara nake aiki."

"To a ce kin shiga gidansa. Ba takarda, ba agogo. Iyalinsa ba su san sunan ciwo ba. Me za su ce miki?"

Likita ta gyara zama. "Za su ce yana cin rabin abinci ya bar rabi, ya ce bai ƙoshi ba. Za su ce yana karo da ƙofa. Yana sa hannu ɗaya a riga. Matarsa kuma, in a hagunsa take zama, za ta ce..."

Nan take gidansu ya faɗo mata a rai.

Ta ga ɗakin Baba a idonta. Ga ƙofa a dama, inda ita take tsayawa kullum da littafinta. Ga taga a hagu, ga kujerar Inna.

"Za ta ce me?" in ji dattijuwar.

"Za ta ce ya daina kallonta." Likita ta dubi dattijuwar. "Ranki ya daɗe, na yi kuskure. Na taɓa ganinsa. Mahaifina ne."

Mazan suka dubi juna, ba su gane ko amsa ce ko kuka ba. Ɗaya ya ce akwai sauran tambayoyi. An yi mata su, ta kuma ba da amsa, amma ko za a yanka ta ba za ta iya faɗin me ta ce ba. Kunya ce ta rufe ta, irin wadda mutum ke ji in ya gane shi ya kamata ya fara sani.

Tana fitowa ta tari abin hawa. A hanya ta kira Yaya, wayar ba ta shiga. Ta kira Inna, ba a ɗauka ba.

Ta tarar da motar Yaya a ƙofar gida, jakar Inna a kujerar baya. Yaya yana jingine da mota.

"Likita, ya jarrabawa?"

"Wallahi ban sani ba, Yaya. Ina Inna?"

"Tana ciki tana sallama da shi. Tun ɗazu take magana, ko kallo ba ta ishe shi ba."

Ta shiga. Inna tana zaune jikin taga da mayafinta, tana cewa, "Malam, zan tafi. Ka yafe mini abin da na faɗa." Baba kuwa ya karkata kai wajen ƙofa, fuskarsa a ɗaure, kamar mai sauraron maganar da ake yi a wani ɗaki. Yana ganin Likita ya ɗan saki fuska.

Likita ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta zagaya ta kama hannun Inna ta tashe ta, ta ɗauki kujerar.

"Ke, ina za ki kai mini kujera? Mota tana jirana."

"Inna, ki yi haƙuri ki zo nan."

Ta ajiye kujerar a dama, tsakanin gado da ƙofa, ta zaunar da ita. Inna ta zauna a takure kamar baƙuwa, ta sunkuyar da kai.

Baba ya dube ta. Ya daɗe yana kallonta, leɓensa yana motsi.

"Yau dai kin zauna," in ji shi.

Inna ta ɗago. "Na zauna?"

"Kullum sai ki shigo ki ajiye abinci ki ɓace. Ina jin muryarki, in juya ban gan ki ba. Na ce daga tsakar gida kike magana, ba kya son zama kusa da ni tun da na ƙi jin maganarki a kan maganin nan." Ya dubi Likita. "Na ji nauyin in tambayi yara ina uwarsu."

Inna ta dubi Likita, ta dubi mijinta, ta rasa wanda za ta fara tambaya.

"Malam, tun ranar da aka sallamo ka ban bar gefen gadon nan ba."

"To ina kike?"

Likita ta durƙusa a gabansu. Ta yi musu bayani da kalmomin da ba na littafi ba, cewa ciwon ne ya rufe wa Baba ƙofar hagu, ba fushi ba ne, ba kuma ido ba. Ta ce akwai aiki a gaba, za a riƙa juya masa faranti, a koya masa waiwaye, a koma asibiti, kuma ita za ta riƙa zuwa kullum. Ta ce su yafe mata, da ta zagaya gadon nan sau ɗaya da ba a kai haka ba.

Ba ta da tabbacin sun gane rabin abin da ta faɗa. Baba dai ya miƙa hannunsa na dama ya kama bakin mayafin Inna.

"Wannan mayafin fa? Unguwa za ki?"

Inna ta fashe da kuka. Da ta samu numfashi ta ce, "Ba inda za ni, Malam."

Darasi: Ilimin da ka tara don cin jarrabawa, in bai sa ka ga halin da na kusa da kai yake ciki ba, da sauran karatu a gabanka. Kada ka ce wa mai kuka ya jira sai ka gama abin da ke gabanka, kuma kada ka yanke wa marar lafiya hukuncin fushi ko taurin kai kafin a bincika, wani halin ciwo ne ke kawo shi. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman masu jinya a gida, wataƙila akwai wata uwa da ke zaune a hagu tana zargin kanta.